Yadda ake raya daren ta'aziyya da waƙa, kamar yadda na koya wurin wata ƴar Sangihe

Maigidana ya rasu cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Damagaram ke sa ƙadangare ma neman gindin randa. Da hantsi rai ya yi halinsa, kafin faɗuwar rana mun kai shi makwancinsa. Jama'a sun yi mana kara, Kirista da Musulmi, har tabarmi suka kasa. Amma ana idar da sallar isha'i a masallacin bayan gidanmu, sai na ga kowa ya fara laluben takalminsa. An ce dare mahutar bawa. Wadda ta dawo daga maƙabarta ta tarar da takalmin mijinta a bakin ƙofa yadda ya tuɓe shi, ita kam ba ta san wannan hutun ba.

Matan zumuntar majami'armu ba su tafi ba a daren nan. Sun zauna sun yi mini abin da ni da kaina na koya musu shekaru da dama kafin nan, ban san ni zai yi wa rana ba. Shi ne nake so in shimfiɗa wa duk ikilisiyar da ke son gwadawa, tun daga sa'ar da aka ce an yi rashi har shekara ta zagayo.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na ajiye aiki. Ina ƙuruciyar aiki a wani asibitin mishan da ke yamma da mu aka kawo mana baƙuwa ƴar ƙasar Indunisiya, guntuwa, mai saurin dariya. Yaya take ce mini don na girme ta da shekara 2. Garinsu Sangihe, wasu tsibirai ne a tsakiyar teku, tsakanin Sulawesi da tsibirin Mindanao na ƙasar Filifin, babban garinsu Tahuna. Sana'arsu su, da noman kwakwa da kanumfari da gyaɗar ƙamshi. Ƙasarsu gaba ɗaya Musulmi suka fi yawa nesa ba kusa ba, amma a tsibiransu Kirista ne suka rinjaya. Da harshen ƙasa Allah suke cewa kamar mu, da harshensu na gida kuma Ghenggona Langi, sunan da kakanninsu ke kiran Mahalicci da shi tun kafin bishara ta zo.

Mutane ne da suka san mutuwa. Bisa kansu akwai dutse mai aman wuta, Awu, wanda a 1856 ya hallaka fiye da mutum 2,800, ya sake tashi a 1892, ya kuma tashi a 1966. Ƙarƙashinsu kuma ga teku. Addinin Kirista ya fara isa gare su ta hannun ƴan Fotugal da Sifaniya tun ƙarni na 16, daga baya Holan ta karɓe yankin, amma ya kafu sosai ne bayan 1857, da wasu Jamusawa masu sana'ar hannu suka zo wa'azi. Ɗayansu, Steller, ya zauna a Manganitu. Ku duba shekarar: shekara guda ke nan bayan dutsen ya yi ɓarna. Ikilisiyarsu, da suke taƙaita sunanta GMIST, ta tsaya da ƙafarta a 1947. Mu nan Damagaram sai a 1924 ƴan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka iso, saboda haka ta kan tsokane ni ta ce a shekaru na girme ta, a majami'a ita ce yayata.

Wata rana wasiƙa ta zo, mahaifinta ya rasu, har an yi sati 2 da binne shi. Muka yi mata gaisuwa irin tamu, kowa ya ce ya haƙuri, muka kai mata abinci. Kwana 3 ba ta ce komai ba. Ran na huɗu muna ɗakin magani ta ce da Hausarta mai tsami, "Yaya, ba wanda ya yi mini waƙa." Na ce waƙa kuma, ana makoki? Ta ce a garinsu ba a barin mai rashi ya kwana cikin shiru. Daren nan mu 7 muka zauna a barandarta ta koya mana abin da suke kira masamper. Kalmar daga Holanci ta fito, zangvereeniging, wato ƙungiyar mawaƙa, bakin mutanen tsibiri ya tauna ta ta koma haka.

Sa'o'in farko

Kafin waƙa akwai aiki, kuma wanda ya rasa nasa ba ya iya tunani. Kada ku tambaye shi "me za mu yi?" Ku fid da mutum 3 nan take. Ɗaya ya riƙe waya, ya sanar da fasto da dattawa da dangi na nesa, har da dangin da ke Musulmi, kuma su a kira su da wuri, kada su ji a bakin duniya. Na biyu ya bi takardu: shaidar likita in a asibiti aka rasu, sannan a kai sanarwa ma'aikatar magajin gari. Na ga gwauruwar da ta yi shekara tana jeka-ka-dawo kan kuɗin fanshon mijinta don ba wanda ya tuna da takardar nan a satin rasuwa. Na uku ya nemi ruwa. Wanda bai zauna garin nan ba zai yi dariya, amma mu mun san cewa a Damagaram gidan makoki ba ya rasa masu kuka, ruwa yake rasawa. A tare ƴan ga-ruwa tun da safe, a cika randuna da bahon wanka da duk bidon da ke unguwa, don akwai wankan gawa, akwai girki, akwai baƙin da za su yi alwala.

Ƙawata ta ce a wajensu maƙwabta ke kafa rumfar makoki kafin iyali su farga, kuma unguwa na da ƙungiyar da ake zuba kuɗi domin ranar rashi kawai. Wannan muka kwaikwaya. A zumuntarmu kowace mace na zuba dala 100 a wata cikin wani asusu dabam, ba a taɓa shi don biki ko suna ko ramce. Daga ciki ake sayen ruwa, shinkafa, gawayi, sukari da ganyen shayi, a sallami masu haƙa. Samari kuwa su tafi maƙabarta da diga tun da wuri, ƙasarmu ba ta haƙuwa da gaggawa.

Abu guda ne ban ɗauko daga gare su ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya ɗauko. Su sukan ajiye gawa a gida kwana 2 ko 3, ana sujada kowane dare, ana jiran dangin da ke tafe ta jirgin ruwa. Mu a nan, da zafin da kan wuce maki 40, da kuran da ba ya da alkawari, a binne ran nan ko washegari da safe. Ɗanmu na fari yana Yamai lokacin, tafiyar kusan kilomita 900. Ya roƙa a jira shi. Na ce a'a, ya yi fushi da ni wata guda, amma aikin jinya ya nuna mini abin da ba na so ya gani a fuskar ubansa. Haka batun akwati: in da hali a yi, in babu, likkafani da tabarma sun isa. Manzo Bulus shuka ya kira binnewa, a 1 Korintiyawa 15, kuma ban taɓa ganin manomin da ya ci bashi don ya yi wa iri gida ba.

Matan danginku Musulmi ba za su bi ku maƙabarta ba. Kada ku matsa musu. Ku bar musu gidan, za ku dawo ku tarar sun share, sun ɗora tukunya.

Ku fara da maƙwabta

Kada a ɗaga murya ko ɗaya kafin a je wurin mai unguwa da limamin masallacin da ya fi kusa. Dattijo namiji za a tura, ba yaro ba. Namu ya je ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, kun san an yi mana rashi. Yau da dare ƴan'uwa za su zauna da iyalin, za mu ɗan yi waƙoƙin addininmu a hankali bayan kun idar da isha'i, kafin ƙarfe 11 mun tashi." Liman ya ce, "Allah ya ba da haƙuri. Ku yi abinku, marigayi mutumin kirki ne." Da safe sai ga ƙwaryar fura daga gidansa.

Wasu samarinmu na ganin wannan kamar neman izinin abin da doka ta riga ta ba mu. Ni na ga ranar 16 ga Janairu 2015 da idona, ranar da aka ƙone majami'u a garin nan, kuma a ɗakin wata Hajiya maƙwabciyata na kwana da jikokina. Abin da ya buɗe mini ƙofarta shekaru ne na gaisuwa da aiken yara da aron turmi. Ban da lasifika, ban da janareto, ban da ganga. A Sangihe ma ainihin abin baki ne zalla, muryoyi suna hawa kan juna. In an kira salla, a yi shiru har a gama.

Zaman kansa

A shimfiɗa tabarmi a zagaye, a bar fili a tsakiya. Mata gefe, maza gefe, yadda muka saba. Mai rashi kada a ajiye ta a gaba kamar amarya, a sa ta cikin mutane, kafaɗa da kafaɗa da wadda ta fi sakin jiki da ita. Fitila guda ta isa. Duhu kaɗan rufin asiri ne ga mai hawaye.

Ga yadda suke yi a can Sangihe. Mutum ɗaya ya miƙe ya ɗauko waƙa, kowa ya kama, shi kuma yana zagayawa yana nuna mutane ɗaya bayan ɗaya bisa kiɗan waƙar. Wanda nunin ya faɗa kansa a ƙarshen baiti, shi zai tashi ya ɗauko ta gaba. Wannan suke kira tunjuke. Ranar da muka fara gwadawa a nan, wata yarinya ta nuna wani dattijon ikilisiya da yatsa, tsohon ya tsuke fuska, zaman ya kusa watsewa. A ƙasar Hausa ba a nuna babba da yatsa, ko cikin waƙa. Sai muka koma mafici. Mai waƙa na zagayawa da shi a hannu, in ta kai baitin ƙarshe ta rusuna ta ajiye shi a cinyar wani. Mace ta ba mace, ko ta miƙa wa yaro ya kai gefen maza.

Gishirin abin shi ne amsawa, wadda suke ce wa mebawalase. Ba kowace waƙa ce za ki ɗauko ba, sai wadda ta ba ta farko amsa. In an yi ta gajiyar tafiya, ki kawo ta hutu. In an yi ta duhun dare, ki kawo ta wayewar gari. In wani ya kawo mai tambayar Ubangiji har yaushe, kada ki yi saurin rufe masa baki da ta murna. Ki nemo wadda ta ce ana jin kukansa. Kuma ba a maimaita wadda aka riga aka yi. Wannan ƙa'ida ce ke hana barci da gulma, domin kowa na sauraron kalmomin, yana laluben cikinsa, bai san ko shi mafici zai sauka wa ba. A zaman makokinmu na yau da kullum mutum 2 ke magana, sauran na gyangyaɗi ko duba waya. A nan ba mai zaman kallo.

Akwai hanyar da dare ke bi, kuma ya kamata mace ɗaya mai hankali ta riƙe linzamin ba tare da an lura ba. Ƙawata ta ce su da waƙar haɗuwa suke buɗewa, su rufe da ta rabuwa. Mu mukan fara da yabo guda 2 ko 3 da kowa ya iya, don murya ta saki. Sannan a gangara cikin na kuka, a daɗe a can. Nan ne masu gaggawa ke ɓata abu: da sun ga hawaye sai su jawo waƙar tafi. Ku bari a yi kukan. Zabura ta 88 da duhu ta ƙare, kuma ba a cire ta daga Littafi ba. Sai kun ji numfashin mai rashi ya daidaita, kafaɗarta ta sauka, sannan a hau zuwa na tashin matattu, a rufe da ta sai mun sadu.

Majami'un Damagaram ba Hausawa ne kaɗai ba. Akwai ƴan Binin da Togo, da Yarabawa da Ibo, da Gurmawa, da masu Faransanci. Wanda mafici ya samu ya yi da harshen da uwarsa ta yi masa, sauran su riƙe masa da gunjin murya. Wanda bai iya waƙa ba ya karanta aya, ko ya ba da labari ɗaya gajere na marigayi. Ta wannan ƙofa ce dangi Musulmi ke shiga in sun so. Ƙanen maigidana, wanda ko sau ɗaya bai taɓa taka majami'a ba, yana zaune can bakin zaure, wani yaro da bai sani ba ya ajiye masa mafici. Gabana ya faɗi. Sai ya juya shi a hannu, ya ce, "Matar yaya, ni ba ni da waƙa. Amma shekarar da aka yi yunwa, Yaya ya sayar da kekensa ya kawo mana buhun hatsi har ƙauye, ya ce kada in faɗa miki." Shekara 30 da wani abu muna tare, sai a daren nan na san inda keken ya tafi. Duk da haka ku gargaɗi yara tun farko: wanda ya zauna nesa, an bar shi da nisansa.

Ni na kafa doka cewa daren farko ba a ba mai rashi mafici. Jikata mai shekara 8 ta karya ta a kaina. Na riƙe shi, maƙogwarona ya toshe. Can na buɗe baki da layin farko na waƙar da yakan yi ƙasa-ƙasa in yana ba itacen lemun tsakar gida ruwa, muryar ta tsinke a kalma ta huɗu, mata suka ɗauke ta suka kai ta ƙarshe ina zaune. Har yau ina cewa dokar na da kyau. Amma in yaro ya karya ta, kada a tsawata masa.

Fasto ya yi magana, amma minti 10 sun isa, kuma a tsakiyar zaman, ba a farko ba. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana 7 ba wanda ya ce uffan, kuma wannan ne kaɗai abin kirkin da suka yi. Da suka buɗe baki suka ɓata. A zagaya da shayi sau ɗaya, da kunu don yara da tsofaffi. Ƙarfe 11 a tashi kamar yadda aka yi alkawari, ko da daɗi ya kai ina. Mata 2 su kwana a ɗakin mai rashi. A yi haka dare 3.

Abin da baki zai faɗa

"Sannu da rashi, ya haƙuri, Ubangiji ya ta'azantar da ku." Ya isa. Abin da na fi ƙi shi ne "daina kuka, ina bangaskiyarki?" Yesu ya san zai ta da Li'azaru cikin ƴan mintoci, duk da haka ya zub da hawaye, Yahaya 11:35 ke nan. Bulus kuma, a 1 Tasalonikawa 4:13, bai ce kada mu yi baƙin ciki ba, cewa ya yi kada mu yi shi irin na marasa bege. Wannan ne tushen dukan waƙar nan a fahimtar mutanen Sangihe kamar yadda ƙawata ta bayyana mini: mamaci yana hannun Almasihu, ba ya bukatar a raka shi ko a lallashe shi. Na raye ne ke bukata. Maƙwabtanmu Musulmi ma hawaye ba laifi ba ne a wurinsu, kururuwa da birgima aka hana, kuma a kan wannan ina tare da su.

Wani maƙwabcin zai ce "Allah ya jiƙansa," wani zai tsaya a "Allah ya ba ku haƙuri." Kada ki auna. Ƙafarsa ta kawo shi, ki ce na gode.

Uku, bakwai, arba'in

A nan ne muka yi gardama da dattawa. Wasu suka ce zaman uku da na arba'in sadaka ce ta Musulunci, mu masu bishara ba ma yi wa matattu addu'a, saboda haka da an binne a watse. Ƴan'uwanmu Katolika su suna yi, har suna da ranar 2 ga Nuwamba domin haka, wannan koyarwarsu ce. Na ce da dattawa ban zo canza koyarwa ba. Mutanen ƙawata ma Furotesta ne, suna taruwa daren uku, da kwana 40, da cikar shekara. Ta ce tsofaffinsu na da can sun ɗauka kurwar mamaci na nan kusa da gida a kwanakin, ikilisiya ba ta kashe taron ba, ma'anarsa ta juya: ya zama godiya domin ran da aka ba su aro, da ƙarfafa waɗanda aka bari. Uku na tuna musu tashin Yesu, arba'in kuma hawansa sama. Na ƙara wa dattawan da cewa Yusufu ya yi wa Yakubu makokin kwana 7, Isra'ilawa sun yi wa Musa 30. Suka yarda, bisa sharaɗin fasto ya faɗa a fili kowane zama cewa ba don sauƙaƙa wa mamaci ake yi ba. Sharaɗi ne mai kyau, ku ma ku riƙe shi. Kuma kada a mai da shi walima. Wake da shinkafa tukunya guda, daga asusu.

A zaman arba'in muna yin abin da gwauraye suka yi wa Dokas a Ayyukan Manzanni 9, da suka fito da rigunan da ta ɗinka suna nunawa. A ɗauko abu 2 ko 3 na marigayi a ajiye a tsakiyar tabarma. Nawa rediyonsa ne da tabarau da hular da ta koɗe. Wanda mafici ya samu ya zaɓa, ko waƙa ko labari. A wannan daren dariya takan fi kuka yawa, kuma kada kowa ya ji kunyarta.

Tsakanin waɗannan ranaku ne ramin yake. Mace Musulma na da takaba, wata 4 da kwana 10. Da wahalarta, amma kowa ya gan ta ya san tana cikin rashi. Gwauruwar Kirista ba ta da alama, sati 2 sai a ga kamar ta warke. Saboda haka muka rubuta sunaye a takarda: kowace Alhamis, in an taso daga kasuwar Dole, mace ɗaya ta biya ta wurinta, har wata 6. Ba wa'azi za ki kai ba. Ki tsince mata shinkafa, ki tsefe mata kai, ki kira sunan marigayin a bakinki, domin kowa ya daina kiransa don tsoron tayar mata da hankali, ita kuwa shi take marmarin ji. Maza ma a yi musu haka ta hannun maza. Su suka fi mu ɓoyewa.

In babu gawa

Mutanen tsibiri sun san wannan fiye da kowa. Masunci ya fita, jirgi bai dawo ba. Ƙawata na son Zabura ta 107, inda ake maganar masu tafiya teku cikin jirage, don ta ce kawunta na cikinsu. Mu tekunmu rairayi ne. A watan Oktoba 2013 an tsinci gawar mutum 92 da ƙishirwa ta kashe kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara, da yawa daga yankin Kance. Bayan su akwai waɗanda ba a tsinta ba. In labari ya tabbata, ko shekaru sun wuce har iyali da kansu sun ce a yi, a yi zaman dare 3 cif kamar da gawa. Kada ku ne ku fara cewa a yi. Uwa ce za ta faɗi ranar.

Ƙarshen shekara

A yankin su ƙawata, jajibirin Kirsimeti da na sabuwar shekara iyalai kan tafi kaburbura, su share, su kunna kyandir. Ran 31 ga Janairu kuma suna da bikin Tulude, na sallamar tsohuwar shekara da godiya ga Allah. Mu muka haɗa su wuri guda, safiyar 31 ga Disamba. Kyandir kam ku manta da shi, iskar hunturu ba ta barin sa ko minti ɗaya; na gwada shekarar farko, ashana kwali guda ta ƙare. Ku tafi da tsintsiya, da fartanya, da bidon ruwa, da gwangwanin fenti don rana na cinye suna a kan allo cikin shekara guda. A gyara duwatsun da damina ta zubar. In akwai kushewar da ke kusa da ba mai zuwa wurinta, baƙo ne da danginsa suka koma ƙasarsu, a share ta ita ma. Waƙa guda, a karanta Zabura ta 90, a koma gida kafin rana ta yi zafi.

Bara ƙanen maigidana ne ya ɗauko mana bidon a bayan babur ɗinsa. Ya tsaya daga bakin hanya har muka gama, sannan ya zo ya gyara wani dutse da ya ce mun aza a karkace. Jikata, wadda yanzu ta shiga kwaleji, ta zo da maficin nan cikin jakarta, cikin sanyin da kowa ke rawar ɗari.